Ranar da Waya Ta Tsinke: Yadda Ake Auna Juriyar Intanet, da Abin da Makin Najeriya Ke Ɓoyewa

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin makon farko na azumin Ramadan, manyan wayoyin sadarwa huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tekun Atlantika suka tsinke a kusa da gaɓar Kodebuwa: WACS da ACE da MainOne da SAT-3. Kamfanin MainOne ya ce zurfin ruwa a inda tasa wayar ta katse ya kai kusan kilomita 3, don haka ba ragar masunta ba ce, ba kuma angar jirgi ba. Alamu sun nuna ƙasa ce ta motsa a can ƙasan teku. Abuja ba ta da teku, tsakaninta da Legas ma tafiyar fiye da kilomita 700 ce, amma kafin rana ta faɗi labarin ya iso kasuwannin birnin ta hanyar da kowa ke ganewa. Mai POS ya soka kati, na'ura ta yi ta juyi sannan ta ce ciniki bai yiwu ba. Mai sayen kayan buɗa-baki yana tsaye da ledarsa a hannu yana ta latsa waya, tiransifa ta ƙi tafiya, mai shago kuma ya ce shi sai ya ga alat. Bankuna suka rinƙa aika wa abokan hulɗarsu saƙon ba da haƙuri. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin wayoyin nan ba, abin da kawai suka sani shi ne babu netwok.

Masifar ɗaya ce, amma ba ta taɓa ƙasashe daidai ba. A Kodebuwa da Laberiya intanet ta kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Hukumar sadarwa ta Gana ta gaya wa 'yan ƙasarta cewa gyara zai ɗauki aƙalla makonni biyar. Nijar da Burkina Faso, waɗanda ba su da gaɓar teku ko kaɗan, su ma sun ji a jikinsu, domin ta hannun maƙwabtansu suke samun hanya. Najeriya kuwa, cikin 'yan kwanaki Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC mai hedikwata a Maitama, ta sanar da cewa harkar ta dawo zuwa kusan kashi 90 cikin 100, saboda kamfanoni sun karkatar da zirga-zirgarsu zuwa wayoyin da suka tsira, irin su Glo-1 da Equiano ta kamfanin Google, wadda ta iso Legas a 2022. Wannan bambanci, na yadda wata ƙasa ta durƙusa wata kuma ta yi tangaɗi ta miƙe, shi masana ke ƙoƙarin aunawa idan suna maganar juriyar intanet. Ba saurin intanet ake nufi ba, ba kuma yawan masu amfani da ita ba. Ana nufin ko hidima za ta ci gaba gwargwadon yadda za a iya amfani da ita a ranar da wani abu ya lalace. Ra'ayina shi ne wannan awo yana da amfani ƙwarai, kuma bai kamata mu raina shi ba, amma maki guda ɗaya da ake bai wa ƙasa irin Najeriya ya fi bayyana halin Legas, ba ya gaya mana abin da zai sami Gusau ko Damaturu, ko ma Abaji da Kwali da ke cikin yankin babban birnin tarayya.

Ma'aunin da aka fi sani a yau shi ne na ƙungiyar Internet Society, kuma daga Afirka ya samo asali. A 2020 ƙungiyar ta haɗa kai da AFRINIC, hukumar da ke rabon lambobin adireshin intanet a nahiyar, suka fara aikin auna juriyar intanet a ƙasashen Afirka, daga baya aka faɗaɗa shi ya game ƙasashe fiye da 170. Ana duba abubuwa huɗu. Na farko shi ne kayan aikin da ke ƙasa: wayoyin da suka shigo ƙasar, waɗanda aka binne a cikinta, ƙarafan sabis, cibiyoyin adana bayanai da cibiyoyin musayar intanet. Na biyu shi ne yadda hidimar ke gudana a hannun mai amfani da ita, wato sauri da jinkiri da rawar da netwok ke yi. Na uku tsaro ne, musamman yadda kamfanoni ke kiyaye hanyoyin da saƙo ke bi kada wani ya karkatar da su. Na huɗu kuma yanayin kasuwa: kamfanoni nawa ke gasa, shin kamfani ɗaya ya mamaye, nawa talaka ke biya kafin ya sayi data, kuma nawa ne daga cikin abin da jama'a ke nema yake ajiye a cikin gida. Sai a haɗa duka a fitar da maki cikin ɗari, a jera ƙasashe. Ban da wannan akwai masu sa ido a kan abin da ke faruwa a kowace sa'a, irin su Cloudflare Radar da NetBlocks da shirin IODA na jami'ar Georgia Tech a Amurka, waɗanda su ne suka nuna wa duniya, ƙasa bayan ƙasa, yadda zirga-zirgar intanet ta faɗi a ranar 14 ga Maris.

Akwai masu cewa irin wannan jerin gwano na Turawa ne, an ƙera shi ne domin masu kuɗi su zo sama matalauta su zo ƙasa, don haka ba abin da zai ƙara mana sai ɓacin rai. Gaskiya ne ƙasashen Turai ne suka cika saman jerin, kuma kuɗi na taimakawa wajen binne waya. Amma ɓangarori biyu na ƙarshe, tsaro da kasuwa, ba su bin arziki kamar yadda ake zato. A ranar 8 ga Yuli 2022 kamfanin Rogers na Kanada ya yi kuskure wajen gyaran na'urorinsa, sama da mutum miliyan 12 suka rasa sabis, tsarin biyan kuɗi da kati na Interac ya tsaya a faɗin ƙasar, wasu ma suka kasa kiran lambar gaggawa. Kanada ba ta rasa kuɗi ba, abin da ya jawo mata shi ne abubuwa da yawa sun rataya a wuyan kamfani ɗaya. A ɗaya ɓangaren, Yukiren da ake yi wa ruwan bama-bamai tun 2022 ba ta taɓa ɗaukewa daga intanet baki ɗaya ba, kuma cikin dalilan da masana ke bayarwa akwai yawan ƙananan kamfanoninta da yawan hanyoyin da suke fita waje. Batun tsaro ma mun ga misalinsa daga nan gida. A ranar 12 ga Nuwamba 2018 wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa saƙonnin da ke nufin Google daga sassan duniya suka bi ta Sin da Rasha na fiye da sa'a guda. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne ya gyara. Rigakafin irin wannan ba ya buƙatar biliyoyi, yana buƙatar injiniyoyin da suka san aikinsu da hukumar da za ta matsa a bi ƙa'ida. Ma'aunin da ke nuna wa ƙasa inda za ta gyara ba tare da ta ciyo bashi ba, ai ba abin yarwa ba ne.

Kuma awo ya riga ya nuna mana wani abu da Najeriya ta yi daidai. A 2006 aka kafa cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda Muhammed Rudman ke shugabanta. Aikinta shi ne ta haɗa kamfanonin cikin gida wuri ɗaya, ta yadda saƙon da ya tashi daga wannan kamfani zuwa wancan ba sai ya je Landan ya dawo ba, kamar yadda ake yi a da. Wani binciken Internet Society na 2020 ya gano cewa a 2012 kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai na zirga-zirgar intanet ta Najeriya da ta Kenya ke ƙarewa a cikin gida, amma zuwa 2020 ya kusa kashi 70. Duk abin da aka ajiye a cikin ƙasa ba ruwansa da tsinkewar waya a gaɓar Abidjan. Shi ya sa a waccan Alhamis wasu shafuka suka ci gaba da buɗewa alhali wasu sun mutu murus, kuma hidimomin da suka fi wahala su ne waɗanda na'urorinsu ke zaune a Turai ko Afirka ta Kudu.

To amma a nan ne ma'aunin ke fara yaudarar wanda bai duba da kyau ba. Idan aka ƙirga wayoyin teku, Najeriya tana da takwas, adadin da ƙasashe kaɗan ne a Afirka suka kai. Sai dai kusan dukkansu a Legas suke fitowa tudu. Sai a farkon 2024 ne wayar 2Africa ta sauka a Kwa Ibo da ke jihar Akwa Ibom, ta buɗe ƙofa ta biyu. Wayoyi huɗun da suka tsinke tare kuwa, kamfanoni daban-daban ne suka mallake su, a shekaru daban-daban aka shimfiɗa su, a takarda kowace hanya ce mai zaman kanta, amma duk sun bi ta gefen kwazazzabo ɗaya a ƙasan teku. Kamar garin da ke da tituna huɗu ne amma duk a kan gada ɗaya suke haye kogi: ranar da gadar ta karye za a gane titi ɗaya ne garin yake da shi. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A Janairun 2020, sannan a Agustan 2023, zaftarewar laka da duwatsu a kwazazzabon da kogin Kwango ke zuba cikin teku ta tsinka WACS da SAT-3 a lokaci guda. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce wayoyi nawa ƙasa ke da su ba. Ita ce nawa daga cikinsu za su rage idan abu ɗaya ya faru a wuri ɗaya. Sannan akwai abin da ba ya shiga maki sosai, wato tsawon lokacin gyara. Gyaran wayar teku ba aikin kwana ɗaya ba ne. Sai jirgi na musamman ya samu izinin shiga ruwan ƙasar, ya lodi wayar canji, ya yi tafiyar kwanaki, sannan ya zura ƙugiya zuwa zurfin kilomitoci yana janta a ƙasan teku har ta kamo bakin wayar. A jawo shi sama a ɗaure a jikin abin shawagi, a koma neman ɗaya bakin, sannan ma'aikata su zauna cikin jirgin suna haɗa zaren gilashi masu sirantar gashin kai ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da ya fi yi wa wannan yanki hidima, Léon Thévenin, a Cape Town yake zaune, can ƙarshen nahiyar. Ƙasar Tonga, wadda a lokacin waya ɗaya tak ce ta haɗa ta da duniya, ta shafe kusan makonni biyar tana jiran gyara bayan aman wutar dutse na Janairun 2022.

Babbar matsalar mai zama a Abuja ko Kano ma ba a teku take ba, a bakin titi take. Daga Legas zuwa Arewa intanet tana tafiya ne a cikin wayoyin da aka binne a gefen manyan hanyoyi, sau da yawa a zurfin da bai taka kara ya karya ba. Shugaban NCC, Aminu Maida, ya bayyana a farkon 2025 cewa a shekarar 2024 kaɗai an tsinka irin waɗannan wayoyi sama da sau 50,000 a faɗin ƙasar, kuma kusan 30,000 daga ciki aikin gina hanyoyi ne ya jawo su. Duk wanda ya bi hanyar da ake faɗaɗawa ya ga yadda abin ke faruwa: katafila ta kafa haƙoranta a gefen kwalta ta ɗago ƙasa, sai ga wani bututun roba ya biyo ta a yage, direba bai ma san abin da ya taɓa ba, alhali garuruwa da dama a gaba sun rasa sabis. Cikin ragowar tsinkewar kuma akwai ta masu haƙar magudanar ruwa da ta ɓarayi da ke zaton akwai tagulla a ciki. Gwamnati ta san da zancen. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, kuma a Fabrairun 2025 ma'aikatar ayyuka da ta sadarwa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa a kan wannan batu. Amma makin ƙasa ba ya rarrabe tsakanin unguwar da wayoyi biyar suka kewaye ta a Legas da ƙaramar hukumar da waya ɗaya ce ta shigo mata. Manyan cibiyoyin adana bayanai na 'yan kasuwa kusan duk a Legas suke. Akwai na Galaxy Backbone a Abuja da Kano, kuma IXPN ta buɗe rassa a Abuja da Kano da Fatakwal da Inugu, amma nauyin harkar har yanzu yana kudu maso yamma. Ko alƙaluman sauri da ake sakawa cikin ma'aunin, daga mutanen da suka gwada saurin wayarsu da kansu ake tattaro su, kuma waɗannan galibi mutanen birni ne masu manyan wayoyi. Manomin da sai ya hau tudu yake samun sabis ba ya gwajin sauri, don haka ba ya cikin lissafi.

Sai wutar lantarki, wadda ita ce ƙashin bayan komai. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Ƙarafan sabis sun ci gaba da aiki a wurare da yawa domin tun asali da janareta da dizal suke rayuwa, amma wayar hannun talaka sai ya kai ta wurin mai caji. A nan akwai wani abu da kwatanta ƙasashe ke koyarwa. Lokacin da wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilu 2025, intanet ɗinsu ta faɗi warwas cikin sa'o'i kaɗan da baturan ƙarafan sabis suka ƙare, duk da cewa ƙasashen biyu suna da maki mai kyau. Kamfanoninmu sun saba da rashin wuta har sun yi masa tanadi, sai dai tanadin ya rataya ne a kan tankar dizal ta iso inda ƙarfen yake, a kan hanyar da wani lokaci ba ta biyuwa. Ma'aunin da bai tambayi sa'o'i nawa ƙarfen sabis zai yi aiki bayan wuta ta ɗauke ba, ya bar abu mai muhimmanci a baya, a can da nan duka.

Akwai kuma ɗaukewar da ba ƙaddara ba ce, umarni ne. A ranar 3 ga Satumba 2021 NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya bisa buƙatar gwamnatin jihar, domin yaƙi da 'yan bindiga. Daga nan aka rufe ƙananan hukumomi 13 a Katsina, sannan wasu sassan Sakkwato da Kaduna. An ce makonni biyu, amma a wurare da dama abin ya ɗauki watanni, har mutane suka rinƙa shiga mota zuwa wata jihar don kawai su buga waya ko su karɓi kuɗin da ɗan'uwa ya turo. Masu kare matakin suna cewa rai ya fi ciniki, kuma masu kai wa 'yan bindiga rahoto da waya suke amfani. Wannan hujja ce mai nauyi, ba wanda ya san halin da ƙauyukan nan ke ciki da zai yi mata dariya. Amma ƙauyen da aka kai wa hari a lokacin shi ma ba shi da hanyar kiran taimako, kuma ba a daina kai hare-hare ba. Abin da ya shafi batunmu shi ne miliyoyin mutane sun yi watanni babu intanet, amma a ma'aunin shekara na ƙasa da kyar za a ga alamar abin, domin Legas da Abuja sun ci gaba da aiki. Idan har gwamnati za ta sake ɗaukar irin wannan mataki, ya kamata a ce akwai lissafin abin da aka samu da abin da aka rasa a karon farko, a fili, inda 'yan majalisa da jama'a za su gani.

Wani zai ce duk wannan zancen masu abu ne: a ƙasar da shirin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kashi 70 cikin 100, amma aka shiga 2025 ba a kai ko rabin al'umma ba, a fara kai sabis inda babu kafin a yi maganar hanya ta biyu. Amsar ita ce ayyukan biyu a rami ɗaya ake yin su. Gwamnatin tarayya ta amince a 2024 da shirin binne ƙarin waya mai tsawon kilomita 90,000, wanda zai kai jimillar ta ƙasa daga kusan 35,000 zuwa 125,000. Yadda za a zana taswirar wannan aiki shi ne zai yanke hukunci. Idan aka ja layi ɗaya daga babban birnin jiha zuwa ƙaramar hukuma aka tsaya, an kai sabis, amma tsinkewa ɗaya za ta ɗauke shi. Idan aka ja shi ya zagaya ya dawo ta wata hanyar, saƙo zai juya ta ɗaya ɓangaren. Bambancin kuɗin a lokacin gini kaɗan ne idan aka kwatanta da dawowa bayan shekaru a sake haƙa. Kuma talaka ne ya fi buƙatar juriyar, domin tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma waya har a kasuwannin ƙauye, jarabawar shiga jami'a a kwamfuta ake yin ta, rajistar lambar ɗan ƙasa ma sai da netwok. Mai hali yana da layuka uku da na'urar gida, wanda ba shi da hali layi ɗaya gare shi.

Wasu kuma suna ganin tauraron ɗan Adam ya kashe maganar, tunda Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Tabbas ta taimaka, kuma ya dace kowane babban asibiti da reshen banki da ofishin agajin gaggawa ya samu irin wannan hanya ta ko-ta-kwana. Amma kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, ƙarfinta bai kai ya ɗauki nauyin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba, kuma sama da kashi 99 cikin 100 na bayanan da ke ratsa tsakanin nahiyoyi har yanzu ta wayoyin teku suke bi. Ban da haka, ƙasar da ta jingina ga kamfani ɗaya na waje ta sake faɗawa cikin raunin da ma'aunin kasuwa ke gargaɗi a kansa.

Abuja tana da matsayi na musamman a wannan zance. A nan aka yi taron ƙasa da ƙasa na farko a kan juriyar wayoyin teku, ranakun 26 da 27 ga Fabrairu 2025, wanda hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, da kwamitin kare wayoyin teku na duniya, ICPC, suka shirya tare da gwamnatin Najeriya. Ministan sadarwa Bosun Tijani shi ne ɗaya daga cikin shugabanni biyu na kwamitin ba da shawara da aka kafa a ƙarshen 2024, tare da Sandra Maximiano ta Fotugal. An tattauna a kan saurin ba jiragen gyara izini da rarraba hanyoyin da wayoyi ke bi, ganin cewa ana samun lalacewar wayoyin teku tsakanin 150 zuwa 200 a duniya kowace shekara. Ƙasar da ke jagorantar wannan magana a duniya ita ta fi cancanta ta fara auna kanta a gida da irin tsananin da take nema daga wasu. An ma fara ɗan wani abu: a 2025 NCC ta wajabta wa kamfanoni su sanar da jama'a duk wata babbar ɗaukewar sabis, ta buɗe shafin da ake wallafa su, ta kuma ce a biya diyya idan ɗaukewar ta wuce sa'o'i 24. Abin da ya rage shi ne a tara waɗannan bayanai a fitar da ma'auni na kowace jiha a kowace shekara: hanyoyi nawa masu zaman kansu da gaske suka shiga babban birninta, sau nawa sabis ya ɗauke, sa'o'i nawa aka ɗauka kafin gyara, ƙarafan sabis nawa ke da wutar rana ko baturin da zai kwana, kuma kwanaki nawa aka rufe da umarnin hukuma. Kamfanoni za su ce taswirar wayoyinsu sirrin kasuwanci ne, jami'an tsaro kuma su ce nuna ta tamkar nuna wa ɓarawo hanya ne. Ba wanda ke neman a wallafa inda kowace waya ta bi. Hukuma ta riƙe taswirar, ta ba 'yan kwangilar hanya abin da ya shafe su kafin su fara haƙa, ta fitar wa jama'a da adadi kawai. Gwamnan da ya ga jiharsa a ƙasan jerin zai sake tunani a kan kuɗin izinin binne waya, wanda aka daɗe da amincewa a kan naira 145 a kowace mita amma jihohi da yawa suka ƙi bi.

Irin wannan awo zai kuma tilasta mana mu dubi arewa, ba kudu kaɗai ba. Kano ta fi kusa da Damagaram a kan Legas nesa ba kusa ba. Akwai aikin shimfiɗa waya ta hamadar Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba kuɗi a ɓangarensa na Nijar da Chadi, domin haɗa Aljeriya da Nijar da Najeriya da Chadi. Cikin rassansa a Nijar akwai wanda ya tashi daga Arlit ta Assamaka zuwa iyakar Aljeriya, da wanda ya tashi daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. Idan aka haɗa wannan da wayoyin Kano da Katsina da Jigawa, Arewacin Najeriya zai samu mafita zuwa Bahar Rum wadda ba ta bi ta Legas ko gaɓar Kodebuwa ba, Nijar kuma ta samu ƙarin hanya zuwa Atlantika. Cikas ɗin siyasa ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki na tsawon watanni, kuma wanda aka taɓa yanke wa wuta zai yi nazari kafin ya miƙa wa maƙwabcinsa igiyar sadarwarsa. Saboda haka duk yarjejeniyar da za a ƙulla a kan wannan waya sai ta ƙunshi alƙawari a rubuce, daga Abuja da Yamai duka, cewa ba za a taɓa ta ba ko da gwamnatocin biyu sun saɓa.